Idan na sayi mota a Delaware na kawo New York, na tsira daga haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Bronx, a birnin New York, shekarata huɗu a nan. Na sami Toyota Camry mai kyau a wurin wani dila a jihar Delaware a kan dala 18,000. An ce mini Delaware ba sa karɓar harajin saye, don haka kuɗin ke nan gaba ɗaya. Amma wani ya tsorata ni cewa idan na je DMV, ofishin rajistar motoci, a nan za su caje ni kusan dala dubu biyu. Wani abokina kuma ya ce mafita ita ce in yi rajistar motar da adireshin ɗan'uwansa da ke can Delaware, in huta da haraji da tsadar inshora lokaci guda. Ranar Asabar nake son biyan kuɗin, kuma duk abin da na tara ke nan. Don Allah ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanda ya tsorata ka shi ya faɗa maka gaskiya, sai dai ya ɗan ƙara gishiri a lissafin. Ka kwantar da hankalinka, amma kada ka zube duk abin da ka tara a hannun dila ranar Asabar.

A Amurka harajin mota yana bin inda mai ita yake kwana, wato inda za a yi mata rajista. Gaskiya ne Delaware tana cikin jihohi biyar da ba su da harajin saye na jiha, tare da Alaska da Montana da New Hampshire da Oregon, kuma dilan ba zai karɓi komai a hannunka da sunan harajin Delaware ba. Amma ranar da ka tsaya gaban teburin DMV a New York, ba za su ba ka lamba ba sai ka biya harajin saye na New York, ko ka nuna shaidar an riga an biya. A cikin birnin New York kashi 8.875 cikin ɗari ne. A kan dala 18,000 ya kama dala 1,597.50. Da a Albany kake zaune da kashi 8 ne, a Buffalo 8.75, domin kowace gunduma tana ɗora nata a kan kashi 4 na jiha.

Sai ƙananan kuɗaɗe: dala 50 na takardar mallaka, wadda kowa a nan yake kira taitil, dala 25 na farantan lamba, kuɗin rajistar shekara biyu da ake yankewa gwargwadon nauyin motar, da ƙarin da ake ɗora wa mazauna birnin da kewayensa. Ka ware kusan dala 1,900 a gefe, ban da inshora. Idan ba ka da su, motar dala 18,000 ta fi ƙarfinka a yanzu, ka nemi ta 16,000.

Wasu manyan diloli suna karɓar harajin New York ɗin da kansu, su yi maka rajista su aiko da lamba. Ka tambaye shi ƙarara, kuma idan ya karɓa, ya fito a rubuce a rasit cewa harajin New York ne, da adadinsa. Kada ka ruɗe da kuɗin takardu da dila yake caja, wannan aljihunsa yake shiga, DMV ba ta lissafa shi a matsayin haraji. Idan kuma wata rana ka sayi mota a jihar da ta karɓi harajinta a wurin saye, akwai fom DTF-804 da ake neman rangwame da shi, ka cika ragowar kawai. Sai dai New York ba ta yin wannan rangwame sai ga jihohin da su ma suke yi wa mutanenta, don haka a duba kafin a biya. Mai tsohuwar mota da zai ba dila a musaya yana da sauƙi, domin ana cire kuɗinta kafin a lissafa harajin.

Yadda za ka bi abin shi ne ka fara da inshora, tun kafin ka taɓa sitiyari. Dole ta kasance ta kamfanin da ke da lasisin aiki a New York, su ba ka katin shaida mai lambar da DMV take karantawa. Sunan da ke katin ya zama daidai harafi da harafi da wanda zai hau rajista. Mutanenmu suna yawan shan wahala a nan: Muhammad a lasisi, Mohammed a inshora, sai a maido mutum gida bayan ya kashe yini a layi. Sannan ka haɗa taitil na asali da aka sa hannu aka mayar da shi sunanka, rasit ɗin dila, fom MV-82 na neman rajista, da lasisinka. Idan daga hannun mutum ka saya, ku cika DTF-802, fom ɗin da ake rubuta kuɗin cinikin don lissafin haraji, kai da shi. Dila zai manna maka lambar takarda ta wucin gadi da za ka taho da motar. Bayan rajista za a ba ka kwana 10 ka kai ta binciken lafiyar mota da hayaƙi. Sabon taitil yana zuwa ta gidan waya, yana iya ɗaukar har kwana 90, kada ka tayar da hankali.

Kafin ka biya, ka gwada lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai haruffa da alƙaluma 17 da ke gindin gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofar direba da wadda ke kan taitil. Ka sa ta a VINCheck na NICB, shafin da ke nuna ko an taɓa kai rahoton sace motar ko lalacewarta, kyauta ne, sannan ka sayi rahoton tarihin motar. Motocin da ruwa ya ci a ambaliyar Ida ta 2021 ba ƙasa ta haɗiye su ba, da yawa an wanke su an tsallaka da su wasu jihohi. Idan taitil ya nuna salbej, wato motar da aka taɓa yanke cewa ta lalace ƙwarai, New York sai ta yi mata bincike na musamman kafin ta ba ta takarda. Idan akwai sunan banki a kai, sai da takardar da ke nuna an gama biyan bashin.

Yanzu ga shawarar abokinka, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki wannan tambaya. Babu mako da wannan magana ba ta zuwa, kullum da riga iri ɗaya: akwai ɗan'uwa a Delaware, ko Pennsylvania, ko North Carolina, kowa haka yake yi, ba a taɓa kama kowa ba. Masu yaɗa ta a wuraren shan shayi da zaurukan WhatsApp ba su taɓa zama da wanda abin ya ritsa da shi ba.

Na farko dai, ribar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Delaware ba ta da harajin saye, amma duk wanda zai yi rajista a can yana biyan abin da suke kira kuɗin takardu, wanda ya haura kashi 4 cikin ɗari na darajar motar. Ka ga kaso mai tsoka na abin da kake gudu ya riga ya tafi. Sannan dokar New York ta ce mazaunin jihar ya yi wa motarsa rajista a nan cikin kwana 30, kuma wanda ya yi kwana 90 a gida ko ɗakin haya a jihar ana ɗaukarsa mazauni ne har sai ya kawo hujjar akasin haka. Kai shekararka huɗu, lasisinka na New York, takardun harajinka na Bronx. Da wane baki za ka ce a Wilmington ta Delaware kake zaune?

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba, a inshora yake. Kamfani yana yanka maka farashi ne bisa inda mota take kwana. Ya yi maka sauƙi saboda ka ce tana kwana a wata unguwa mai shiru a Delaware, alhali a gefen titin Grand Concourse na Bronx take. Muddin ba abin da ya faru za ka riƙa ganin kanka mai wayo. Ranar da aka yi haɗari aka nemi kuɗi masu kauri, sai su turo mai bincike. Aikinsa ba wuya: tarihin E-ZPass da ake biyan kuɗin gada da hanya da shi, tikitin fakin da aka manna maka a Bronx wata bayan wata, garejin da kake sauya mai, adireshin wurin aikinka. Da zarar sun tabbatar ƙarya aka yi musu, suna iya ƙin biyan gyaran motarka, su soke yarjejeniyar, su miƙa fayil ɗinka ga hukuma da sunan zambar inshora. Idan akwai wanda ya ji rauni, lauyansa kai zai bi, da albashinka da asusunka. Wanda ke kan hanyar neman katin zama ko takardar zama ɗan ƙasa kuwa, tuhumar zamba ita ce abu na ƙarshe da yake buƙata a tarihinsa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, a kan 'yan ɗaruruwan daloli na haraji da ɗan ragin inshora.

Wasu sukan ce to a sa sunan ɗan'uwan gaba ɗaya a taitil, ai ka ga babu ƙarya. Wannan ya fi muni. A idon doka motar tasa ce. Idan ya ci bashi, masu binsa suna iya kama ta. Idan kun ɓata, ba ka da takardar da za ka nuna. Idan rai ya yi halinsa, ta shiga cikin gadonsa, sai ka tsaya gaban matarsa da marayunsa kana rantsuwa cewa kai ka biya, kuma ko a wurin malamin da zai raba gadon sai an nemi shaidu. Shi ma ka jefa shi cikin haɗari, domin a New York mai mota yana ɗaukar alhakin ɓarnar wanda ya ba izinin tuƙa ta. Ka buge mutum a Fordham Road, sammaci ya same shi a gidansa yana cin tuwo bai san hawa ba bai san sauka ba. Zumunci nawa ne ya mutu a kan irin wannan taimako?

Ƙannen wannan dabara su ma ka kiyaye su. Akwai masu sayar da lambar takarda ta wata jiha a Facebook, duk wata a buga maka sabuwa. Tun watan Maris na 2024 hukumomin birni da na jiha suka haɗa runduna guda don farautar motoci masu lambar bogi, a bakin gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ruwa suke tsayawa, kuma motar suke ɗaukewa. Akwai masu cewa a rubuta dala 3,000 a DTF-802 maimakon ainihin kuɗin, ko a ce kyauta ce. Kyautar da ba a biya mata haraji kai tsaye ita ce tsakanin miji da mata, ko iyaye da 'ya'ya, har da agola da mai riƙonsa. Ɗan garinku ba ya ciki. Farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai kuwa sai mai sayarwa ya sa hannu a kan dalili, hukumar haraji tana iya biyo sawu daga baya da tara da ƙarin kuɗin jinkiri, kuma ƙarya a fom ɗin laifi ne da kai ka sa wa hannu. Akwai kuma dillalan bakin titi da za su miƙo maka taitil mai sunan wani mutum da ba ka taɓa gani ba, an sa hannu an bar wurin mai saye fayau. Idan aka sami kuskure ɗaya a takardar, wanda zai gyara shi ne mai sunan, dillalin kuwa ya sauya lambar waya. A jihohi irin Pennsylvania da Ohio ma sai an tabbatar da sa hannun mai sayarwa a gaban jami'in shaida, in ba haka ba takardar ba ta cika ba.

Ranar Juma'a ka kira dilan, ya turo maka hoton taitil gaba da baya, da jimillar kuɗin da za ka biya a rubuce, kowane caji da layinsa. Ka ba kamfanin inshora lambar VIN da adireshinka na Bronx su faɗa maka farashin wata shida. Idan ka haɗa waɗannan da dala 1,900 ka ga aljihu zai ɗauka, ka je ka karɓi motarka. Idan bai ɗauka ba, ka ba dilan haƙuri ka jira wata motar.