Shawarar Lauya: Na sayi mota na kashe mata kuɗi, sai ga aibi da takardun da ba nata ba

Wani mai karatu daga Kubwa ya rubuto yana cewa: "Barista, barka da aiki. Wata biyu da suka wuce na sayi Toyota Camry ƙirar 2013 a wani wurin sayar da motoci a nan Abuja, a kan naira miliyan 11. Dilan ya tabbatar mini ta WhatsApp cewa tokumbo ce daga Amurka, ba ta taɓa haɗari ba, ba ta da wata matsala, kuma an biya mata kuɗin fito cikakke. Na je da bakanikena ya duba inji da giya, muka zaga da ita har Dutsen Alhaji muka dawo. Bayan na karɓe ta sai na sa mata baƙin gilashi, na sauya mata wili, na mayar da fentinta daga ruwan toka zuwa baƙi. Makon jiya wutarta ta rikice, na kai ta Apo, mai wayarin ya ɗaga kafet ya tarar da busasshiyar laka da tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Da aka bincika lambar shasi sai aka ga an yi gwanjonta a Amurka a matsayin motar da ambaliya ta ci, sannan lambar da ke takardar kwastan ba ta yi daidai da ta jikin motar ba. Dilan ya ce an rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, kuma wai ni na canja masa mota. Abokaina sun ce in kai shi wurin 'yan sanda. Mene ne matsayina?"

Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Kafin komai, ka ajiye motar nan a gida, kada ka sake hawa titi da ita, kada kuma ka bari a ƙara kwance ko ɗaura mata wani abu, ko da kuwa gyaran wutar da ta rikice ne. Lakar da ke ƙarƙashin kafet shaida ce, saboda haka kada a wanke ta. A ɗauke ta hoto da bidiyo a inda take, tare da lambar shasi da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofa, sannan mai wayarin ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu da kwanan wata.

Matsalolinka biyu ne, kuma ƙarfinsu a gaban doka ba ɗaya ba ne. Gyaran da ka yi wa motar ya rage maka ƙarfi a batun ambaliya, amma bai taɓa batun takardun kwastan ba ko kaɗan, domin fenti da wili ba su sauya lambar da ke kan takarda ba.

A Abuja, cinikin kaya irin wannan yana ƙarƙashin Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wadda muka gada daga Ingila kuma kotunanmu ke aiki da ita har yau. Sashe na 13 ya ce idan an sayar da kaya bisa wata siffa da aka bayyana, dole kayan su dace da siffar. Sashe na 14 kuma ya ɗora wa wanda sayar da irin kayan ne sana'arsa nauyin ba da kaya masu ingancin da za a iya ciniki da su. Gaskiya ne babu kotun da za ta auna tsohuwar mota da ma'aunin sabuwa, domin wanda ya sayi motar da ta haura shekara goma ya san zai iya tarar da shokozoba da ta gaji ko inji mai ɗan shan mai. To amma motar da ta kwana cikin ruwa wani abu ne daban, domin ruwa yana shiga wayoyi da kwakwalwar mota da na'urorin jakar iska, ya ci gaba da cin su a hankali har bayan an busar da kujeru an fesa turare.

Dilan zai kafa hujja da cewa ka zo da bakanike ya duba. Dokar ta ce idan mai saye ya duba kaya, ba zai dawo ya yi kuka da aibin da irin wannan dubawar ya kamata ta bayyana ba. Kalmar da za ka riƙe ita ce "irin wannan dubawar". Bakaniken da ya saurari ƙarar inji, ya gwada shigar giya, ya leƙa ƙasan mota ko tana yoyo, bai yi dubawar da za ta nuna laka a ƙarƙashin kafet ba. Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, lauyan dilan zai tambaye ka dalilin da ya sa ba a bincika lambar shasi ba kafin ka biya, alhali haruffa da lambobi 17 ne a fili, kuma duk mai harkar motocin Amurka ya san ana shigar da su a Carfax, shafin intanet da ke nuna tarihin mota, ko ma a nemo hotunan gwanjon motar a intanet cikin 'yan mintuna. Zai kuma ce da an ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ko an leƙa ramin safiyar taya, da an ga zanen ruwa. Amsarka ita ce saƙon WhatsApp ɗin nan: ka tambaya, an ba ka tabbaci a rubuce, ka dogara da shi. Wanda ya faɗi ƙarya don a saya, ba ya kuɓuta da cewa ai da mai saye ya yi bincike da ya gano. Don haka ka adana wayar da saƙonnin ke ciki, kada ka tsaya ga hoton allo kawai, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana da sharuɗɗan da ake cikawa kafin kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta.

Inda fentin zai cuce ka shi ne a sashe na 35 na dokar 1893. Doka tana ɗauka mai saye ya karɓi kaya idan ya yi musu abin da mai kaya kaɗai ke yi, ko ya riƙe su tsawon lokaci bai ce ya fasa ba. Sauya launin mota gaba ɗaya yana cikin irin wannan aiki. Idan kotu ta ga ka karɓa, haƙƙin mayar da mota saboda aibi yana komawa haƙƙin neman diyya, wato bambancin da ke tsakanin darajar motar da aka siffanta maka da darajar wadda aka ba ka. Hanyoyi biyu ne za su iya dawo maka da damar mayarwa. Idan aka tabbatar dilan ya san tarihin motar ya ɓoye, yaudara ce, kuma kotu tana iya warware cinikin ko da kayan sun ɗan sauya, ta hanyar lissafa abin da sauyin ya rage ko ya ƙara. Tabbatar da saninsa ba wuya idan shi ya yi odar motar daga gwanjo, domin wanda ya saya a can ya ga bayaninta kafin ya taya. Ɗaya hanyar kuma ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta 2018, wadda sashenta na 132 ya bai wa mai saye damar mayar da kaya marasa inganci cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, ko a musanya, ko a mayar da kuɗi. Ka ce wata biyu sun wuce, ke nan makonni kaɗan suka rage maka, kuma wannan ne ya sa nake matsa maka ka rubuta wa dilan takardar fasa cinikin a cikin makon nan. Rubutun rasit na cewa ba a mayar da kaya kuwa, kada ya razana ka, domin irin wannan sharaɗi ba ya zama mafaka ga wanda ya yi yaudara.

Batun takardar kwastan ya fi tayar mini da hankali, domin Hukumar Kwastan mota take bi, ba wanda ya shigo da ita ba. Idan jami'anta suka tsayar da kai a hanyar Lakwaja ko ta Kaduna suka ga lamba ba ta dace ba, motar za su riƙe, kuma cewa ka saya da zuciya ɗaya ba zai hana su ba. Saɓanin lamba yana iya zama kuskuren mai buga takarda, wanda ake gyarawa. Yana iya zama an ɗauko takardar wata mota an liƙa wa wannan, abin da aka saba gani ga motocin da ake shigowa da su ta Kwatano tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu daga 1 ga Janairu 2017. Mafi muni shi ne a ce an taɓa lambar jikin motar kanta. Ka sa lauya ko ejan mai lasisi ya kai kwafin takardun ofishin kwastan a tantance lambar shigowar, ba tare da an je da motar ba, kuma a duba rajistar motoci ta 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta.

Sashe na 12 na dokar 1893 ya ce duk mai sayarwa yana ba da tabbacin cewa yana da ikon sayar da kayan, cewa mai saye zai more su ba tare da wani ya zo ya ƙwace ba, kuma babu wani nauyi a kansu da aka ɓoye. Motar da gwamnati ke bin kuɗin fito, wadda za a iya kamawa kowace rana, ta saɓa wa wannan tabbaci, kuma mafi ƙarancin abin da za ka nema shi ne dilan ya biya fiton da tarar da ta biyo baya. Idan kuwa ta tabbata motar sata ce, al'amarin ya wuce nan. A shari'ar Rowland da Divall ta 1923, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta mayar wa mai saye kuɗinsa cif, duk da cewa an sake wa motar fenti kuma an yi watanni ana amfani da ita, saboda abin da ya biya dominsa, wato mallaka, bai taɓa samu ba.

Akwai ɓangaren da kai ma sai ka gyara naka. Dokar hana baƙin gilashi ta 1991 ta haramta sa shi sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro, kuma ba ka ambaci ka karɓi izini ba. Sauya launi ma ana sanar da hukumar da ta yi wa mota rajista, wato ofishin VIO a nan Abuja, domin a gyara takardu, haka kuma kamfanin inshorarka. Mutumin da ya shiga ofishin hukuma da motar da takarda ta ce ruwan toka ce, ido ya ga baƙa, lambar kwastan kuma ta saɓa, shi za a fara tuhuma kafin a saurari ƙorafinsa. Ka tattara rasit na mai fenti da na wili da hotunan motar kafin gyara. Su ne za su nuna lokacin da aka yi sauyin da wanda ya yi, kuma da su za ka nemi a biya ka abin da ka kashe. Kuɗin gilashin dai ban ga alamar za ka same shi ba.

Shawarar abokanka ta zuwa wurin 'yan sanda tana da gurbi, amma ba a farko ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna sun sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan kuɗi yana iya wayar gari ana ƙararsa a kan tauye haƙƙi. Sai idan kwastan sun tabbatar takardar ta bogi ce, a nan ne maganar ta zama laifi, domin zamba tana cikin sashe na 320 zuwa 322 na dokar hukunta laifuka ta Final Kod da ake aiki da ita a Abuja, ban da laifin ƙirƙirar takarda. Ko a lokacin, ka sani motar za ta iya zama kayan shaida, ta yi watanni a harabar ofis rana da ruwa suna dukanta.

Abin da zan yi da a ce kana gabana shi ne in rubuta wa dilan takarda a madadinka, in bayyana ranar ciniki da kuɗin da aka biya da tabbacin da ya bayar da abin da aka gano, in sanar da shi ka fasa cinikin kuma motar tana ajiye tana jiran ya ɗauka, in ba shi kwana bakwai ya mayar da kuɗi. A aika kwafi ga shugabannin ƙungiyar dilolin motoci na wurin, domin sau da yawa dila ya fi jin kunyar abokan sana'arsa fiye da takardar lauya. Idan za a zauna sulhu da dattawa, yana da amfani ka san cewa fiƙihun Malikiyya ma ya san wannan mas'ala: wanda ya tarar da tsohon aibi bayan kaya sun sauya a hannunsa, yana da zaɓin ya riƙe a rage masa ƙimar aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya rage wa kayan. In sulhun gida ya ƙi, akwai hukumar FCCPC da ke karɓar koken masu sayayya, akwai kuma cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Abuja da ke aiki tun 2003, sannan ita kanta Babbar Kotun. Doka ta ba ka shekara shida ka shigar da ƙarar yarjejeniya, amma wannan wa'adi na neman diyya ne, damar mayar da mota kuwa jinkiri kaɗan yana kashe ta.

Mai yiwuwa dilan ya ce zai gyara takardun kwastan ya rage maka wani abu ka riƙe motar. A ganina kada ka yarda, ko da ragin ya yi maka daɗi, domin takarda tana gyaruwa amma wayoyin da suka sha ruwa ba su da ranar gama ba da matsala, kuma ranar da ka tashi sayar da ita wajibi ne ka faɗa wa mai saye gaskiya, farashinta ya faɗi a hannunka. Gara ka haƙura da kuɗin fenti da wili a cikin sulhu, ka karɓi uwar kuɗinka, a rubuta yarjejeniya da ranakun biya da shaidu, kuma kada makulli ya bar hannunka sai kuɗin sun shiga asusunka.

Abu ɗaya ban gani a wasiƙarka ba, kuma shi zai nuna wanda za a rubuta wa takardar: sunan wa ke kan rasit, kuma asusun wa ka tura kuɗin? A wuraren sayar da motoci, sau da yawa mai filin daban, mai motar daban, dillalin da ya yi maka magana daban. Idan wanda ya sayar maka bai gaya maka a lokacin ciniki cewa motar ta wani ce ba, doka ta ba ka damar ka bi shi da kansa, ko ka bi mai motar idan ya bayyana daga baya. Ka ciro bayanan asusunka na ranar da ka biya daga banki, ka haɗa da rasit da takardar yarjejeniyar sayarwa idan an rubuta, ka kai wa lauyanka tare da takardun kwastan na asali.