Me Ya Sa Ma'aikatu Suke Kama da Juna?

Tambaya: Malam, duk inda na shiga, asibiti ne ko jami'a ko banki, sai in tarar da allo a bakin ƙofa ɗauke da manufofi da alƙawarin kyautata wa jama'a, kalmomin kusan iri ɗaya, amma fayil ɗin mutum yakan yi wata uku a kan tebur guda. Shin masana sun bincika wannan? Daga wani ma'aikacin gwamnati, Kaduna.

Amsa: Sun bincika, kuma tun da daɗewa. A shekarar 1977 wasu masana ilimin zamantakewa a Amurka, John Meyer da Brian Rowan, suka nuna cewa ma'aikatu sukan rungumi sabon tsari domin a gan su da mutunci, a ba su lasisi da kuɗi, ko da tsarin bai ƙara wa aikin komai ba. Idan haka ta faru, abin da ke rubuce yakan kama hanyarsa daban, aikin yau da kullum ya kama tasa, kuma a ganina wannan ne ka gani tsakanin allon da teburin.

A 1983 Paul DiMaggio da Walter Powell suka bayyana hanyoyin da kamannin ke shigowa. Akwai tilas daga sama, kamar yadda Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna jarin naira biliyan 25 a 2004, har 89 suka dunƙule suka koma 25, ko yadda aka kafa SERVICOM, ofishin sa ido kan ingancin hidimar da ma'aikatun gwamnati ke yi wa jama'a, a 2004 ɗin aka umarci ma'aikatun tarayya su rubuta alƙawuransu ga jama'a. Akwai tasirin ƙwararrun da suka yi karatu iri ɗaya. Wadda ta fi damuna ita ce kwaikwayo, domin shugaban da bai san mafita ba yakan leƙa maƙwabcin da ake yabo ya kwafo tsarinsa, ba tare da tambayar ko ciwonsu ɗaya ba, kamar mai aron riga bai duba tsawonta ba.

Kada ka ɗauka allon ba shi da amfani, tunda alƙawarin da aka rubuta hujja ce a hannun mai ƙorafi. Idan kana son sanin ko tsarin ya shiga cikin aiki a ofishinku, ka bincika ko akwai rajistar da ke nuna ranar da fayil ya shigo da ranar da ya fita, da kuma ko ana duba ta lokacin ƙarin girma.