Tambaya da Amsa: Yaya Ake Tsara Kujerar da Mutum-mutumi Zai Gina da Roba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, kuma na ɗan koyi zane a kwamfuta. Na ga bidiyon wani hannun ƙarfe yana zuba narkakkiyar roba sahu bisa sahu har kujera ta tashi, babu ƙusa babu gam. Shin zanen kujerar katako da na saba yi zai yiwu a ba wannan inji ya fitar, ko akwai wani tsari na daban? Sannan irin wannan kujera za ta jure zafin garinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Zanenka na katako ba zai yi ba, kuma ba don yana da aibi ba ne. Kai kafinta kana yanke ƙafafu huɗu, da mazauni, da majingina, sannan ka harhaɗa su, shi kuwa wannan inji bai san haɗi ba. Abin da ya iya shi ne jan zare ɗaya na roba mai zafi, ya zagaya da shi, ya hau kan wanda ya shimfiɗa, ya sake zagayawa. Saboda haka mai tsara irin wannan kujera hanyar da zaren zai bi yake zanawa, daga inda zai tashi har inda zai tsaya, siffar kujerar kuma daga wannan tafiya take fitowa.

Idan ka taɓa tsayawa a ƙauyukan Daura ka kalli mai ginin rumbu, to ka riga ka ga asalin aikin. Yakan ɗora laka a zagaye, ya bar ta ta sha iska, sannan ya ƙara wani sahu. In ya yi gaggawa ginin ya zauna, in ya bari ta bushe ƙayau sabon ɗorin ya ƙi kamawa. Haka robar take, sai dai abin da maginin yake jira na yini, a nan daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintoci. Injin kansa hannu ne mai gaɓoɓi shida, irin waɗanda kamfanonin KUKA da ABB da Fanuc suke ƙerawa domin masana'antun motoci, an ɗaura masa kai mai narka ƙwayoyin roba yana fitar da su ta baki mai faɗin milimita da dama. Cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya wannan hanya akwai Dirk Vander Kooij na ƙasar Holan, wanda a 2010 ya yi amfani da tsohon hannun masana'anta da niƙaƙƙiyar robar cikin tsofaffin firji ya fitar da kujerar da ya kira Endless. A 2018 kuma kamfanin Nagami na Sifaniya ya baje kujerunsa a birnin Milan na Italiya, har da waɗanda ofishin zanen gine-gine na Zaha Hadid ya tsara.

Shawarar da ta fi kowace nauyi ita ce yadda za ka kwantar da kujerar yayin gini, kuma a nan sanin katako zai taimake ka. Mai faskare ya san ice yana tsagewa ne ta bin jijiyarsa, ba ta gicciye ba. Ginin roba ma yana da jijiya: zaren kansa yana da ƙarfi a tsawonsa, amma wurin da sahu ya manne da sahu nan ne rauni yake. Idan aka gina kujera a tsaye, duk lokacin da mutum ya jingina yana ƙoƙarin ɓamɓare sahun majingina ne daga na ƙasansa, kuma wata rana za ta ɓalle. Shi ya sa galibin masu wannan aiki suke gina ta a kwance ta gefe. Za ka zana yadda kujerar take idan an kalle ta daga gefe, da layi ɗaya rufaffe da ya tashi daga ƙasa, ya hau ƙafar gaba, ya bi mazauni, ya haye majingina, ya gangaro ta baya ya koma mafarinsa. Injin zai yi ta maimaita wannan zagaye yana hawa, har tsayin ginin ya kai faɗin kujerar. In kaurin kowane sahu milimita 4 ne, kuma kana son faɗin santimita 48, zagaye 120 ke nan. Da an gama sai a tayar da ita tsaye, nauyin mai zama ya riƙa bin tsawon zaren.

Daga nan sauran ƙa'idojin suke tasowa. Kada layin ya yanke, domin kan da ke narka ƙwayoyi ba ya iya ɗauke zuba nan take, kuma duk inda ya tsaya ya sake tashi yakan bar tabo da ɗigo. Ka guji kusurwa mai kaifi, saboda hannun yana rage gudu a kwana alhali robar tana ci gaba da zuba, sai ta taru ta yi ƙullutu. Ka lanƙwasa kowace kwana. Kada kuma sabon sahu ya leƙo waje fiye da kimanin rabin faɗin wanda ke ƙarƙashinsa, abin da a aikace yakan zo kusan karkatar digiri 45, in ba haka ba zai rataya a iska ya zube. Ma'aunin jikin mutum dai bai canja ba: tsayin mazauni santimita 43 zuwa 46, majingina ta ɗan kishingiɗa kaɗan fiye da digiri 90.

Tambayarka ta biyu ita ta fi damuna, domin mafi yawan abin da ake nunawa a bidiyo an yi shi ne a ƙasashen sanyi. Robar da ake kira PLA, wadda ta fi sauƙin aiki, tana fara laushi a wajen digiri 55 zuwa 60. Na taɓa barin wani ƙaramin samfuri nata a gaban mota da rana a watan Afrilu, ina dawowa bayan la'asar na tarar ƙafarsa ta lanƙwashe kamar kyandir. A garin da zafin inuwa yake haura digiri 40 a bazara, ban yarda a yi kujerar tsakar gida da ita ba. PETG ta fi ta juriya, sai wajen digiri 80 take laushi. Robar farar kujerar biki kuwa, wato PP, tana jure zafi amma tana tsukewa idan ta huce, ta ɗaga gefen ginin daga kan farantin da ake gini a kansa, shi ya sa ake gauraya ta da zaren gilashi. Ka kuma lura da yadda farar kujera take yin gari-gari ta karye in ta daɗe a rana. Dole a sa maganin kare hasken rana a cikin robar. Iskar hunturu ma abokiyar gaba ce, tana sanyaya sahu kafin na bisansa ya iso, ƙurarta kuma tana shiga tsakaninsu ta hana mannewa, don haka ɗakin aiki sai rufaffe. Wuta kuma in ta ɗauke a tsakiyar gini, wannan kujera sai dai a niƙe ta a sake.

A ganina kada ka yi tunanin gasa da farar kujera, wadda ake zubawa a ƙarfen zubi cikin ɗan lokaci, alhali wannan tana cin sa'o'i. Inda hanyar take da riba shi ne abin da ba a bukatar dubbansa: bencin harabar makaranta, ko kujerar da aka auna da jikin mai lalura. Masu ofishin zane na The New Raw da ke Rotterdam ta ƙasar Holan sun yi bencin titi da sharar roba a birnin Tasalonika na Girka, kuma mu ma ba mu rasa sharar ba, muddin an ware kowane iri daban, an wanke, an busar.

Kafin ka kai ga injin, ka yanke siffar gefen kujerar a falankin filawud guda biyu, ka haɗa su da 'yan sanduna, ka zaunar da dogo da gajere su faɗa maka inda take danne su. In ta zauna daidai, ka zana layin a manhajar zane ta Rhino, ka nemi mai ƙaramin injin ginin roba na kan tebur ya fitar maka da ita a kashi ɗaya cikin goma na girmanta, da layi ɗaya mara yankewa, sannan ka matse ta da hannu ka ga ta inda za ta fara tsagewa.