Fitila Na Dusashewa, Batir Ba Ya Riƙe Caji: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne mai jigila tsakanin Gusau da Funtuwa. Fitilun motata suna dusashewa idan inji yana silo, sai na taka totur su yi haske, kuma batir biyu na saya cikin shekara guda. Mai gyaran waya ya cire kan batir inji yana aiki, da ya ga motar ba ta mutu ba sai ya ce altaneta lafiya lau take. Ƙwayayen fitilar masu wat 100 ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara sayen batir sai an auna wutar da ke shiga cikinsa, domin alamun da ka bayyana sun fi nuna rashin caji. Aikin batir shi ne tayar da inji, daga nan altaneta ce ke ɗaukar nauyin fitilu tare da mayar wa batir abin da ya kashe.

Awon ba shi da wuya. A ɗora mitar auna wutar lantarki a kan batir bayan mota ta huta, cikakken batir zai nuna kusan bolt 12.6 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta). Idan aka tayar da inji, ya kamata lambar ta hau tsakanin 13.8 da 14.4, kuma kada ta yi ƙasa sosai bayan an kunna fitilu. Idan ta tsaya ƙasa da 13, a fara duba bel ɗin da ke juya altaneta ko ya saki, sannan kan batir da wayar da ke haɗa shi da jikin mota, domin tsatsa a waɗannan wurare ta sa mutane da yawa sun sauya kayan da ba su da laifi. Idan kuwa ta haura 15, to regileta ce ta lalace, wato na'urar da ke ƙayyade wutar da altaneta ke fitarwa, kuma irin wannan yakan ƙafar da ruwan batir ya riƙa ƙona ƙwayaye.

Gwajin cire kan batir kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan, duk da yaɗuwarsa a garejojinmu. Abin da yake nunawa kawai shi ne altaneta na ba da wutar da za ta riƙe inji, wadda ba lalle ta ishi fitilu da caji ba. Bugu da ƙari, batir ne ke shanye tsallen wuta, saboda haka cire shi na iya ƙona regileta ko kwamfutar mota.

Sai batun ƙwayaye. Wanda aka saba sa wa motoci da yawa wat 60 ne a babban haske, 55 a ƙarami. Guda biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 8 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ne), masu wat 100 kuwa kusan 15, a kan wayoyi da makunnin da ba a yi su don wannan nauyi ba. Ka koma wa na asali, ko kuma a sa musu rile (makunnin da ke ɗauke wa na asali nauyin wuta) da fiyus da waya mai kauri kai tsaye daga batir.

Ka lura kuma da jar fitilar batir da ke gaban direba. Dole ta kama idan ka murɗa makulli, ta mutu da zarar inji ya tashi. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikin wannan ƙaramin ƙwai ne wutar farko ke bi ta farkar da altaneta, don haka idan ya ƙone, caji ba zai fara ba sai an taka totur sosai.