Katan biyar na maganin mura

Jiya bayan La'asar ka tambaye ni: "Maigida, mutum ya zo da kuɗinsa a hannu yana son katan biyar na maganin mura, ko ragi bai nema ba. Me ya sa ka ce babu?" Na ga ranka bai so ba, don kasuwar Sabon Gari ta yi sanyi makon nan. Jawo benci ka zauna.

Rashin neman ragin shi ya fara sa ni tsargu. A Zariyar nan wa ke sayen katan biyar bai taya ba? Na tambaye shi shagonsa, ya ce "can wajen Samaru". Na ce ina lasisinsa, ya ce ya manta a gida. Rasit ma ba ya so. Yaro, ko a tsakiyar hunturu, wace unguwa ce mura za ta kama har ta shanye katan biyar?

Ɗauko kwalin ka duba bayansa. Akwai sinadarin da ake kira sudo'efedirin, shi ke buɗe hancin da ya toshe. Magani ne mai kyau, ni kaina ina sha. Amma da shi da ɗan'uwansa efedirin ake haɗa metamfetamin, wadda matasa ke ce wa ais, Ibo kuma suna kiranta mkpuru mmiri. Mai shanta sai ya kwana biyu uku ba barci, ya rame, ya riƙa ganin kowa maƙiyinsa ne. Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta sa su cikin sinadaran da ake sa wa ido. A nan ƙasar, ba mai shigo da garinsu sai da izinin NAFDAC, su kuma NDLEA suna bin sawun wanda ya karkatar.

Kada ka ɗauka abin Turai ne. A 2011 aka fara gano gidan dafa ta a Legas. A 2016 aka kama wani ƙaton gidan dafa ta a Asaba, har da 'yan Meziko huɗu a ciki.

Amurkawa sun sha wannan wahala kafin mu. Tun 2006 maganin ya bar kan kanta ya koma bayanta. Sai ka nuna katin shaida, ka sa hannu a littafi, kuma ba za ka wuce giram 3.6 a rana ba, ko giram 9 a kwana 30. Ni littafin nan ne ya fi burge ni, shi ya sa na ajiye namu ba tare da kowa ya tilasta mini ba.

Lokacin kodin ba ka zo ba tukuna. Kafin a hana maganin tarin a 2018, na san masu kemis da suka riƙa fitar da shi katan-katan suna cewa ina ruwansu da abin da za a yi da shi. Wani har ya sayi mota. Daga baya ƙaninsa na cikin waɗanda aka ɗaure da mari, shagon kuma an garƙame.

Saboda haka mai mura ka ba shi sashe ɗaya ko biyu, ka tambaye shi ko yana da hawan jini, don maganin na ɗaga shi. Mai son sari kuwa ya kawo lasisinsa na PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, ka rubuta sunan shago, kwanan wata, yawan kaya da lambar da ke jikin kwali. In mutumin jiya ya dawo ba na nan, kada ka yi masa gardama. Ka ce maigida ne ke da makullin sito, ka kira ni.