Tambayoyin Manoma: Fadama ko Tudu, Ina Gubar Ƙarfe Ta Fi Zama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a ƙasar Minjibir, kusa da dam ɗin Wasai. Ina da fadama mai laka, inda nake ban ruwa da ruwan Jakara, da wata gona a tudu, rairayi zalla. Duka biyun takin bola nake zuba musu daga birni. Ɗana da ke jami'a ya ce akwai gubar ƙarfe a ciki. Wace gonar ce ta fi haɗari?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Baba. Yaron nan bai yi ƙarya ba, Allah ya yi masa albarka. Jakara ta birni take ratsowa, ta haɗu da rafin Getsi mai kwaso ruwan masana'antun Bompai. Masu jima na zamani suna aiki da kuromiyom, tsofaffin batura da fenti kuma suna barin dalma da kadmiyom a bola. Waɗannan ƙarafa ne masu guba, ba sa ruɓewa kamar ganye, inda suka sauka nan suke zama. Dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga duwatsun zinare ta fito, kuma yawanta ya wuce na gonarka nesa ba kusa ba.

Fadamarka ta fi tara guba, amma ta fi riƙe ta. Laka da ruɓaɓɓen taki suna kama ƙarfen, kamar yadda maganaɗisu ke kama allura, sai saiwa ta kasa zuƙarsa da yawa. Jar ƙasa mai marmara ma tana yin haka, saboda tsatsar da ke ba ta launi. Rairayi kuwa hannun baiwa gare shi: abin da aka zuba masa sai ya miƙa wa shuka, ko ya wuce da shi rijiya.

Sai dai riƙon fadama yana da sharaɗi, wato tsamin ƙasa. Ana auna shi da abin da ake kira pH; 7 ne tsaka-tsaki, yana sauka ƙasa tana ƙara tsami. In ya faɗi ƙasa da 6, ƙasar sai ta fara sassauta hannu, kuma kadmiyom ne ke fara kuɓucewa. Dalma ta fi shi nauyin jiki. Abin da ke ba ni haushi, mu da kanmu muke tsamama gonakin, da yuriya shekara bayan shekara ba tare da takin dabbobi ba. Lokacin da nake aikin malamin gona na sha faɗa, ana yi mini dariya wai ƙasa ba kunu ba ce da za ta yi tsami.

In da ni ne kai, sai in bar takin bola in koma kashin shanu da na awaki. In ya zama dole, a tsince batura da gwangwanayen fenti kafin a baza. A zuba tokar murhu, ta itace ko ta kara, don tana kashe tsami. Ban da tokar bola da aka ƙona. Alayyafo da latas su suka fi ɗaukar kadmiyom a ganye, don haka a inda ruwan Jakara ke kwanciya ka sa tumatir ko masara. Wanke ganye yana cire ƙurar da ke kai ne kawai, abin da ya shiga ta saiwa yana nan.

Ka ba yaron ƙasar gonakin biyu, kowacce a ledarta, ya kai sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero a auna tsaminta da ƙarafan. Ya haɗa da kwalbar ruwan rijiyar tudun, in kuna sha daga gare ta.