Na sayi Muƙaddimar Ibn Khaldun, ina labarin sarakunan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ce mini Muƙaddima ta Ibn Khaldun ita ce uwar littattafan tarihin duniya, sai na tara kuɗi na saya. Yau mako uku ina fama da ita, ban ga labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe a jere ba, sai zancen tekuna da koguna da zafin ƙasa. Ko ba ita aka sayar mini ba? Ta ina zan kama ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ita ce, ba a cuce ka ba. Sunan ma ya faɗi abin da take: gabatarwa. Zaure ce ta babban littafinsa Kitabul Ibar, wanda aka buga a Bulaƙ ta Misira cikin mujalladi bakwai. Sarakunan da kake nema suna cikin sauran shidan. Abin da ke hannunka sikeli ne na auna labari kafin a yarda da shi, kuma a ganina ya fi sauran shidan daraja.

Ka san mutumin tukuna. An haife shi a Tunis a 1332, annobar 1348 zuwa 1349 ta ɗauke iyayensa yana saurayi. Ya yi aikin fada a Fas da Garnaɗa da Bijaya, ya sha ɗauri na kusan shekara biyu a Fas. Da ya gaji, sai ya keɓe a Ƙal'at Ibn Salama, a Aljeriya ta yau, ya zuba Muƙaddima cikin wata biyar a 1377. Daga baya ya koma Alƙahira ya zama babban alƙalin Malikiyya, mazhabar da muke kai. A 1401, lokacin da Taimur, sarkin nan mai cin ƙasashe da yaƙi daga tsakiyar Asiya, ya yi wa Dimashƙa ƙawanya, da igiya aka zurara wannan dattijo ta kan ganuwa ya je ya zauna da shi. Wanda ya ga dauloli suna tashi suna faɗuwa da idonsa ke nan.

Koma farkon littafin, wurin da yake lissafa kurakuran masu tarihi, ka karanta a tsanake. Ya ɗauko ruwayar da masanin tarihi Mas'udi da wasunsa suka kawo, cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS) sun kai 600,000. Bai tsaya kan wa ya ruwaito ba. Tambaya ya yi: wace ƙasa ce za ta ciyar da wannan runduna? A wane fili za su ja daga har na gaba ya san halin da na baya ke ciki? Farisa da duk faɗinta, rundunar da ta kawo yaƙin Ƙadisiyya, inda ta gwabza da Musulmi, 120,000 ce. Sannan tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa iyaye huɗu ne, ta yaya zuriya za ta yaɗu haka? Ya kuma ture labarin nan mai daɗin ji, wai soyayyar Abbasa, 'yar'uwar halifa Haruna Rashid, da wazirinsa Ja'afar ce ta sa halifan ya hallaka Baramika, wato gidan waziransa da Ja'afar ya fito. Ya ce dalilin a fili yake: sun kankane mulki da kuɗin haraji, har halifa kan nemi kuɗi kaɗan ya rasa. Wannan ita ce zuciyar littafin. Binciken masu ruwaya yana da muhallinsa a hukuncin shari'a, amma labarin abin da ya faru a duniya sai an fara duba ko zai yiwu.

Inda ka maƙale shi ne babi na farko, na fasalin ƙasa, wanda mafi yawansa daga Idrisi, masanin fasalin ƙasa, ya kwaso. Tsallake shi yanzu. Shiga babi na biyu da na uku, inda yake bayanin asabiyya, wato ƙarfin zumunci da ke sa mutum ya tsaya wa nasa har mutuwa. Mutanen jeji masu wannan ƙarfi sukan ci birni su kafa daula. 'Ya'yansu su tashi cikin daɗi da sauran tunanin wahalar iyaye. Jikoki kuwa sai ado da hayar sojoji da ƙarin haraji, har wasu su taso daga jeji su ture su. Ya ƙiyasta wa daula shekara 120, arba'in sau uku. Kada ka riƙe adadin kamar nassi, daular Usmaniyya ta Turkiyya ta haura shekara 600. Ka kuma lura cewa sau da yawa idan ya ce Larabawa, makiyayan sahara yake nufi.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. In ka komo babi na farko za ka tarar da maganganu kan baƙar fata da za su sosa maka rai, sun sosa mini. Ya ƙaryata masu cewa baƙin launi tsinuwa ce da ta faɗa wa zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya ce zafin rana ne. Amma sai ya siffanta mutanen can kudu da siffofi na ƙasƙanci, alhali bai taɓa ƙetare Sahara ba. Jita-jita ya ɗauka, abin da ya hana wasu. Ɗora shi a kan sikelinsa, ka ajiye wannan gefe.

Inda ya tambayi waɗanda suka sani kuwa, sai ka ga aiki. A Alƙahira ya haɗu da Shehu Usman, wani malamin fiƙihu na mutanen Gana ta dā, a 1394, kuma daga bakin irinsu ya tsara jerin sarakunan Mali tun daga Mari Jata har bayan Mansa Musa. Masu binciken tarihin Mali har yau da wannan jeri suke aiki. Yana cikin mujalladi na shida na Ibar, sashen tarihin Barbar, ƙabilun asali na Arewacin Afirka. Idan ka gama babi na uku, nemi aronsa ka fara karatun sarakunanka daga nan.